Abin da na'urar maganaɗisu ta koya min game da shanyayyen hannun yaro

Yara biyu za su iya zuwa asibiti domin gashi da larura iri ɗaya a ido: hannun dama a dunƙule, gwiwar hannu a lanƙwashe, ga ɗingishi tun da suka fara takawa. Dukansu ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni tun suna ciki ko wajen haihuwa. Sai dai hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa wannan hannun ba lallai ta zama ɗaya ba. Wannan na fi riƙewa daga horon da na samu a sashen da ake auna jijiyoyin yara da na'urar maganaɗisu da ake kira TMS.

Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna na'urar a Shefil ta Ingila a 1985. Waya ce naɗaɗɗiya, galibi mai siffar lamba 8, ana ɗora ta a ka daidai sashen da ke sarrafa motsi. Da an danna sai ta yi ƙara tas, ƙarfin maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai ya zaburar da jijiyoyin da ke ƙarƙashi. A tsokar gindin babban yatsa kuma an manna 'yan wayoyi masu ɗaukar amsa. In hanya a buɗe take, yatsan ya ɗan zabura, layin da ke kan kwamfuta ya yi tsalle. Ba allura, ba yanka, ba a sa yaro barci.

A ƙa'ida ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu ke juya hannun dama, domin yawancin jijiyoyin suna tsallakawa ɗaya gefen kafin su shiga laka. To amma Janet Eyre ta Jami'ar Niyukasil ta nuna cewa jariri ba haka yake zuwa ba: kowane ɓari yana aika jijiyoyi zuwa hannuwa biyun, sai cikin shekara biyun farko waɗanda ke zuwa hannun da ke gefensa su ja baya, masu tsallakawa su kankama. Kamar hanyar gona ce, wadda ake takawa ta faɗaɗa, wadda aka bari ciyawa ta cinye ta. In ɓari ɗaya ya samu rauni da wuri, lafiyayyen sai ya ƙi sakin hannun da ke gefensa, ya riƙe biyun.

Na ga haka a jikin wata yarinya 'yar makarantar firamare. Tana zaune a kujera, an toshe mata kunne saboda ƙarar, hankalinta na kan katun a wayar mahaifiyarta. Aka ɗora na'urar a lafiyayyen ɓarin, aka danna: manyan yatsunta biyu suka zabura lokaci guda. Aka koma ɓarin da ya ji rauni, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, shiru. Wato ɗan motsin da shanyayyen hannun ke yi, daga ɓarin da ba nasa ba yake samunsa. Martin Staudt, lokacin yana Tubingen ta Jamus, ya bayyana a 2002 cewa girman raunin ne ke raba yaran: mai ƙaramin rauni yakan riƙe hanyarsa ta asali, mai babba ya koma kan ta aro. Abin da ya fi ɗaure min kai, jin taɓi ba ya yin wannan ƙaurar. Yakan tsaya a ɓarin da ya ji rauni. Motsi a can, ji a nan. Galibi irin waɗannan yaran hannunsu bai kai na masu hanyar asali ƙwarewa ba.

Daga nan gardama ta taso kan gashi. Akwai salon da ake rufe lafiyayyen hannu da safa don a tilasta wa yaro aiki da raunanan. Wani ƙaramin bincike na 2008 daga Jamus ya nuna yaran kashi biyun ba sa amsa wannan salon iri ɗaya, wasu binciken da suka biyo baya kuma suka ga kowane kashi na ƙaruwa. Ni dai ba zan hana yaro gashi saboda layin kwamfuta ba. Yana ƙara min sani ne kan yadda zan haɗa aikin hannu ɗaya da na hannu biyu, da kuma abin da zan faɗa wa iyaye ba tare da na cika musu baki ba.

Shirun na'urar ma ba a yi masa gaggawar fassara. Ƙananan yara suna bukatar ƙarfi fiye da manya kafin tsoka ta amsa, saboda jijiyoyinsu ba su gama nuna ba, wasu magungunan farfaɗiya kuma na ƙara dakushe amsar. Shi ya sa ake ce wa yaro ya ɗan matse wani abu a sake gwadawa. Kafin a fara kuwa, dole a tambayi tarihin farfaɗiya da ko akwai ƙarfe ko na'urar ji da aka dasa a ka.

A asibitocinmu na gida ba kasafai ake samun TMS ba, amma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Sa yaro ya riƙa buɗe hannu ɗaya yana rufewa, kai kuma ka zuba wa ɗayan ido. In yana kwaikwayon motsin sosai ba da son yaron ba, musamman ya wuce shekara 10, akwai alamar ɓari ɗaya ne ke juya biyun. Sai dai a tuna yawancin wannan ilimin a kan masu shanyewar gefe ɗaya aka gina shi. Yaran da shawara mai tsanani ko rashin numfashi wajen haihuwa ya taɓa, waɗanda su muka fi gani, sau da yawa gaɓoɓi huɗun ne abin ya shafa, kuma nasu lissafin daban ne.