Gangar Sojoji a Maraɗi Kwalliya

Da asuba muka bar Katsina, sanyin hunturu yana shiga har ƙashi. Mun wuce Jibiya, aka tsayar da mu a Ɗan Isa, jandarma suna duba takardu ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar ina kan kabu-kabu, zan je gidan Kawu a unguwar Zariya. Bikin 18 ga Disamba ne ya kawo ni, ranar da Nijar ta zama jamhuriya a 1958, kuma a 2015 Maraɗi ce ta karɓi baƙuncin bikin, aka raɗa masa Maraɗi Kwalliya. Garin kuwa ya yi kwalliyar, ga sabuwar kwalta, ga fenti ko'ina.

Kawu tsohon soja ne. A wurin fareti, da makaɗan soja suka zo wucewa, sai na ga ya miƙe tsam, ya manta da sandarsa, yatsunsa suna bin kiɗan a gefen cinya. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Da dare muna shan shayi a zaure, autansa ya miƙo min waya. Jiragen yaƙi ne jajaye a jere, suna kifewa suna zuba hayaƙi ja da fari da shuɗi. Bikin jiragen soja ne da ake yi duk watan Yuli a Fairford ta Ingila, wanda aka fara tun 1971. Sunansa ne ya ɗaure wa yaron kai, Royal International Air Tattoo.

"Yaya, ba zanen jiki ake ce wa tattoo ba? Me ya haɗa shi da jirgi?"

Na ce masa kalmomi biyu ne suka yi gamo a baki. Ta zanen jiki daga mutanen tsibiran tekun Fasifik aka aro ta, su tatau suke cewa. Ta soja kuwa daga Holan ta fito, tun ƙarni na 17. Idan dare ya yi, makaɗa suna zaga gari da ganga, ma'anar kiɗan ita ce doe den tap toe, wato a toshe bakin tulun giya, sojoji su koma bariki; tap toe ɗin nan ce ta koma tattoo. A hankali kiɗan ya zama wasan da jama'a ke taruwa su kalla, kamar na birnin Edinburgh a Scotland da ake yi tun 1950, har masu jirage suka ari sunan.

Kawu ya ajiye kofinsa. "Ashe kiran kwana ne. Mu da begila ake busa mana, kuma wallahi ko kana tsakiyar cin tuwo sai ka tashi."

Na ce, "Kawu, kuna tuna muryar busar?"

Bai ce komai ba. Ya dunƙule hannu a baki ya busa mana ita tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce a maido masa jiragen nan baya, yana so ya ga yadda na tsakiyan yake riƙe layi.