Gishiri a arewa, kofin ruwa a yamma

Shekaranjiya na shiga kicin na tarar da Baturiyar da muke haya gida ɗaya a nan Ingila tana neman gishiri. Na ɗauka girki za ta yi. Ashe wai ita mabiyar Wika ce, addinin tsafin nan da wani Baturen Ingila, Gerald Gardner, ya fito da shi fili bayan an soke dokar hana maita a 1951.

Ta nuna mini teburin tsafinta. Gishiri a arewa madadin ƙasa, gashin tsuntsu a gabas madadin iska, kofin ruwa a yamma. Kudu wurin wuta ne, amma mai gida ya hana kunna kyandir, sai ta ajiye jan dutse. Na ce, to dutse ai ɗan ƙasa ne, yaya aka yi ya koma wuta? Ta yi dariya ta ce niyya ce ke aiki, kowa da yadda yake tsara nasa. Wai ma 'yan'uwanta da yawa a Ostareliya arewa suke kai wutar, don ta can rana take bi musu.

Ni dai na yi a'uziyya, ban tsaya kallo ba. Amma abin ya tuna mini da kakata a Zariya, Allah ya jiƙanta. Takan ce malamin hisabi ya duba, tauraron babana na wuta ne, na innata na ruwa, shi ya sa ita kaɗai ke iya kashe masa fushi. Waɗannan huɗun dai, ƙasa da iska da wuta da ruwa, har a Zariya.

Gishirina kuwa har yau ba ta dawo da shi ba.