Ƙauyenmu daga bakin injin niƙa

Sana'ata niƙa ce, kuma rumfar injina tana kusa da masallacin Juma'a a wani ƙaramin ƙauye na ƙaramar hukumar Maigatari, a masarautar Gumel ta jihar Jigawa, inda iyakar Jamhuriyar Nijar ba ta da nisa da mu. Inji biyu gare ni: babba mai shan man gas wanda nake surfe da niƙan gari da shi, da ƙarami mai shan fetur wanda nake markaɗe da shi. Ina da yara biyu da suke taya ni aiki. Ban taɓa ƙirga mutanen garinmu ba, rabon da a yi ƙidaya a Najeriya ma tun shekarar 2006, amma wanda ya daɗe yana karɓar ƙwarya da roba daga kowane gida ya san gidan da ya ƙaru da gidan da ya ragu, ko da ba a faɗa masa ba.

Mafi yawan waɗanda suke tsayawa a layina yara ne, musamman 'yan mata ƙanana, domin matan aure suna cikin kulle kuma su ne suke aiko su. Bayan yara sai tsofaffin mata, waɗanda shekaru suka ba su izinin fita. Wannan layin shi ne hoton garin, domin yara sun fi kowa yawa, kuma gida ɗaya yakan tara maigida da matansa da 'ya'yansa masu aure da jikoki, duk ana ci daga rumbu ɗaya. Irin wannan gidan na gandu yakan aiko da tiya uku ko huɗu ta gero a yini, amma ina lura da cewa yana raguwa, saboda da zarar uba ya rasu 'ya'ya sukan raba gona, kowa ya ware tukunyarsa, sai niƙan da yake zuwa a kwando guda ya koma zuwa a ƙananan robobi biyar. Mangawa da Hausawa sun cuɗanya ta hanyar auratayya har ba a rarrabe su a magana, su kuma Fulanin rugagen da suke kewaye da mu sukan shigo da nono da safe, su koma da garin da za su yi fura.

Shekarar mai inji tana bin shekarar manomi sau da ƙafa. Da kaka, bayan an girbe gero da dawa da wake, an kuma sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi yana shiga hannun mutane, sai bukukuwan aure su taso, kuma a lokacin nakan wuni ban kashe inji ba sai don sallah. Da an shiga rani sai samari su watse. Wasu su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, su yi acaɓa ko ga-ruwa ko gadi, ƙananan yara maza kuma a tura wasunsu karatun allo tare da malamansu. Garin sai ya zama na mata da yara da dattawa, niƙa ya ragu sosai, har sai hadarin farko ya fara haɗuwa kafin su dawo don shuka. Watan azumi ne kaɗai yake karya wannan tsari a duk lokacin da ya faɗo, domin ƙaramin inji ba ya hutawa da markaɗen wake na ƙosai da na gero don kunu.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina, wajen watan Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare kuma sabo bai nuna ba. A nan ne nake gane gidan da rumbunsa ya yi ƙasa, domin yarinyar da take kawo tiya biyu takan koma kawo rabin tiya, wani lokaci ma masarar da aka auno daga kasuwa ce maimakon geron gida. Wata tsohuwa takan ce mini, "Ɗan nan, niƙa mini, in Allah ya kai mu kaka na biya ka." Ban taɓa rubuta irin wannan bashi ba, kuma gaskiya yawancinsu suna biya, ko da kuɗi ko da hatsi.

Ranar Alhamis garin yakan yi shiru saboda kasuwar Maigatari, wadda ta yi suna wajen cinikin shanu da raƙuma da tumaki, kuma fatake daga Nijar suna cika ta. A can nake sayen mai da bel, in kuma farantan injin sun dakushe sai na kai su Gumel a gyara. Shekarar 2023 ta gwada mu ƙwarai. A farkonta canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, har na koma karɓar ladan niƙa da gero da dusa, dusar kuma na sayar wa masu kiwon tumaki. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin fetur, sai kuɗin markaɗe ya tashi, bayan man gas ya riga ya yi tsada tun shekarar da ta gabace ta. Sannan juyin mulkin Nijar na watan Yuli ya jawo rufe iyaka, kasuwa ta yi sanyi. A watannin nan na sake jin ƙarar turmi da taɓarya da asuba a gidaje da yawa, domin mata sun koma surfe da hannu, suna kawo mini niƙan gari kawai.

Wani canjin da na gani shi ne wayar hannu. Samarin da suke ci-rani yanzu suna turo kuɗi ta wurin mai POS na bakin tasha, saboda haka gidan da yake da ɗa a birni ba ya yanke niƙa ko da rani. Ni ma na sa faifan sola a saman rumfa, ina cajin waya, kuma a ranakun da niƙa ya yi ƙaranci kuɗin cajin ne nake biyan yarana biyu da shi.