Shawarmu ta ƙi, an ce in sayi inji

Tun farkon bazarar bana shawar banɗakinmu ta koma zubo da ruwa kamar hawaye. Tanki cike yake, sumo na jawo ruwa daga burtsatse duk lokacin da aka kawo wuta, famfon kicin ma yana zuba lafiya lau, amma wanka sai da bokiti. Uwargida ta yi haƙurin mako biyu, daga nan gaisuwar safe ta zama "Ina kwana, ya shawa?"

Falamban da na fara kira ko sifana bai ciro daga jaka ba. Ya murɗa famfo, ya kalli sama, ya ce, "Alhaji, ƙarfin ruwa ne babu, sai an sa inji." Ni kuwa duk wanda ya kira ni Alhaji kafin ya faɗi kuɗi, nakan dafe aljihu. Na ce zan neme shi.

Da dare na shiga YouTube. Bidiyo ga su nan birjik, sai dai yawancinsu na gidajen Amurka ne, inda ruwa ke shigowa da ƙarfinsa daga babban bututun gari. Namu daga tanki yake gangarowa da nauyin kansa. A zauren WhatsApp na unguwa kuma wani ya ce in zuba ruwan batir a bututun. Allah Ya so ban yi ba, don asid ƙarfen yake ci.

Ranar Asabar na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da niyyar tambayar farashin injin. Na tarar da wani dattijo mai shagon kayan famfo, injinan na jere a bayansa. Na ce, "Baba, nawa wannan?" Maimakon ya faɗa, sai ya turo min benci ya ce, "Da ma can haka shawar take, ko daga baya ta rage?" Na ce bara tana zuba sosai. "An sauke tankin ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To ɗana, tankin da ya yi maka wanka bara shi ne dai a wurin. Hanya ce ta toshe."

Ya yi min lissafin da babu wanda ya taɓa yi min. Duk tsayin mita 10 na ruwa yana ba da ƙarfin bar 1, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa. Tankina bai fi mita 2 a saman kan shawar ba, ke nan wajen bar 0.2 nake da shi. Da ɗan wannan ƙarfin, ko yashi kaɗan ya isa ya shaƙe ruwan. Kuma da na ɗora inji a kan toshiya, da wata mahaɗar ce za ta fara yoyo a cikin bango.

Na koma gida na bi abin da ya ce. Na kwance kan shawar, sai ga yashin burtsatse da wani farin abu da ya daskare. Na jiƙa shi a ruwan lemun tsami ya kwana. Ya ɗan yi dama-dama, amma ko da babu kan, bokiti sai ya gaji da jira kafin ya cika. Nan na kira wani falamban, na gaya masa abin da nake zargi. Ya fasa tayil biyu, ya ciro guntun bututun ƙarfe mai rabin inci, wanda aka bari a bango lokacin da aka mayar da sauran gidan roba. Tsatsa ta cinye cikinsa, ramin da ya rage da ƙyar fensir zai shiga. Ya sa na PPR, irin wanda ake haɗawa da zafi, muka wanke tanki, muka sa matatar ruwa kafin ruwa ya shiga cikinsa.

Matatar a wajen Baba na saya, ban ma yi ciniki ba. Na kai masa guntun ƙarfen ya gani. Ya ɗaga shi ya leƙa ta ramin, ya yi dariya, ya ce in bar masa. Da na wuce ta wajen makon jiya, yana nan rataye da igiya a ƙofar shagon, dab da injinan.