Tsutsa a kunnen karfasa

Laraba, da dare.

Yau muka ja raga a kududdufin karfasa, kuma raina bai yi daɗi ba. Hajiyar da ke sarin kifina don suya ta ɗaga kunnen wani ta ce, "Malam, dubi nan." Wasu ƙulle-ƙulle ne rawaya kamar ƙwayar gero, manne a ƙarƙashin kunnen har cikin maƙogwaro. Na matse ɗaya da farce, sai ga 'yar tsutsa mai faɗi tana motsi a kan yatsana. Hajiya ta rage kuɗi, ban yi mata musu ba, don ita ma sai ta tsaya ta cire su kafin ta sa a mai.

Da azahar na kai wa likitan dabbobi kifin a bokiti. Ya ce sunanta Clinostomum, kuma kifi zango ne kawai a wurinta. Uwar a baki da maƙogwaron zalɓe take zaune. In ya tsoma baki a ruwa sai ƙwai su zuba, su ƙyanƙyashe su shige dodon koɗi. Daga nan su fito su huda jikin kifi su kwanta, suna jiran wani zalɓen ya haɗiye shi. Na ce, "Likita, magani fa?" Ya ce wadda ta riga ta yi gida a tsoka, zuba mata magani a ruwa asarar kuɗi ne. Wankan gishirin da muke yi wa 'ya'yan tarwaɗa na tsutsotsin da ke kan fata ne, bai kai ga wannan ba. Sauƙin abin, suya ko dahuwa sosai tana kashe ta. A Japan da Koriya, inda ake cin ɗanyen kifi, can aka sha samun ta maƙale wa mutane a maƙogwaro.

Dodon koɗin ne ya fi tsaya mini a rai. Da la'asar na zagaya bakin ruwa, duk ciyawar da na ɗaga sai in gan su jingim. Ruwan nan daga magudanar madatsar ruwa ta Tiga yake zuwa, inda yaranmu ke wanka kullum, kuma tsargiya ma ta jikin dodon koɗi take bi, ko da yake tsutsarta daban ce. Bayan magariba na je na shaida wa mai unguwa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kwashe sauran kifin mu zubar da ruwan. Sai ƙasa ta bushe ta tsage kafin mu watsa farar ƙasa, mu nome ciyawar gefe, mu ɗaura raga a sama saboda zalɓe.