Ƙasusuwan da Baba ya gani

Asabar. Wanki da safe. An ɗauke wuta tun ƙarfe goma, guga sai gobe.

Da la'asar ina tsinkar zogale a tsakar gida, Auta ya baje 'yan dainoson robar da kawunsa ya kawo masa, siffar dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare, yana haɗa faɗa tsakanin Stegosaurus, mai faifai jere a gadon baya, da T. rex. Yayarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Waɗannan biyun fa ba su taɓa haɗuwa ba." Na ce ai duk zamaninsu ɗaya. Ta ce, "A'a Umma, Stegosaurus ya ƙare da kusan shekara miliyan 80 kafin T. rex ya zo. Shi kuwa T. rex, tsakaninmu da shi miliyan 66 ne. Mu ya fi kusa da mu."

Sai da na ajiye tiren. Ni duk ɗaukata wasu dodanni ne da suka zo suka wuce lokaci guda. Ashe sun haura shekara miliyan 160 a bayan ƙasa, kuma iri-iri: wani bai wuce hankaka ba, har da gashin tsuntsu, wani kamar Argentinosaurus ya kai mita 30. Ta ce kazar nan mai tono a gindin randa ma jininsu ce. Auta ya daɗe yana kallonta.

Daga nan ta nuna mini Nigersaurus a waya. Baki mai faɗi, haƙora wajen 500, kai a sunkuye yana kiwo kamar saniya. A Gadufawa aka tono shi, cikin hamadar Tenere a Nijar, inda koguna suke gudu shekara miliyan 110 da suka wuce.

Nan jikina ya yi sanyi. Baba, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake jan babbar mota zuwa Agadas, ya taɓa dawowa ya ce Abzinawa sun nuna masa ƙashin bayan wata dabba kwance a rairayi, kowace gaɓa kamar ƙaramin turmi. Muna cin tuwo muka kwashe da dariya, ni na fi kowa. Ya yi murmushi kawai ya ci gaba da cin abincinsa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Kwaɗon ya yi gishiri, ba wanda ya ce komai.

Gobe in sha Allah zan kira Inna, ko tana tuna sunan wurin da ya faɗa.