Kwabo mai huji a kangon gidanmu

Wata uku kenan ina yawo da na'urar gano ƙarfe a cikin birnin Kano, Garrett Ace 250 ce ta hannu, yayana ya aiko min daga Ingila. Kangon gidan kakanmu na fara dubawa, wanda damina ta rushe shekarun baya aka bar fili yara suna ƙwallo. Kafin na taɓa ƙasa sai da na je gun mai unguwa, na ce ranka ya daɗe ga abin da nake son yi, na kunna ta ya ji yadda take ƙara a kan mukullinsa. Zuwan nan ya yi min rana sosai, don in aka ga mutum da sanda mai kuka yana tone-tone wani tsafi zai ce, wani ya ce zinaren gado kake nema a ɓoye.

Kwana biyun farko ba abin da ban tono ba, ƙusa, marfin lemo, gwangwanin madara, guntun rodi, mataccen batir, ƙasar birni cike take da tarkace. Rana ta uku an kwana ana ruwa ƙasa ta yi laushi, a gindin inda tsohon zaure yake na'urar ta yi wata ƙara irin wadda take yi wa marfin gwangwani, saura kaɗan in wuce amma na ce bari dai in gani, ko taƙi ɗaya ban tona ba sai ga wani abu zagayayye da huji a tsakiya. Na goge da babban yatsa, tauraro mai tsini shida ya fito, British West Africa, 1936. A ɗaya gefen ga rubutun Larabci da sunan Edward na takwas, sarkin Ingilan da ko shekara bai cika ba ya sauka. Wallahi hannuna rawa yake.

Hajiya na kai wa. Ta juya shi ta ce kai ɗan nan ai kwabo ne, ta fara lissafo min, anini goma kwabo, kwabo shida sisi, kwabo sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam ɗaya, har naira ta zo a 1973 aka daina. Mun fi awa tana ba ni labarin kasuwar Kurmi.

Ɓarnar da na yi kuwa har yau tana ci na. Na samu taro, wato kwabo uku, na 1959 mai gefe sha biyu da hoton auduga, na jiƙa shi a lemun tsami na dirje da soson ƙarfe don ya yi ƙyalli, duk ya kakkarce audugar ta dushe. Yanzu ruwa kawai da tsohon burushin haƙori, a hankali.

Ba na zuwa kusa da badala ko maƙabarta, dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana tono irin wannan ba izini, in na ci karo da abin da ya fi ƙarfin tsabar kuɗi gidan tarihi na Gidan Makama zan nufa. Ina tambayar inda bututun ruwa ya bi, kuma duk ramin da na tona sai na cike shi saboda yara.

Kwabon yana gun Hajiya, ta zura masa zare ta sa a adakarta. Maƙwabcinmu ma ya ce in zo nasu kangon ranar Asabar.